Madugu: yadda muka bi sawun sunan gidanmu daga zangon Kumasi zuwa hanyar Gwanja

Takardu huɗu muka shimfiɗa a kan tabarma ranar da muka fara aikin nan a gidanmu da ke Yalwa, cikin zangon Kumasi. Dukansu na mutum ɗaya ne, amma babu biyu da suka zo daidai. Takardar fili ta ce Madugu. Katin makarantar ɗansa ya ce Madugo. Tsohon fasfon aikin hajji ko alamar sunan babu, sunan yanka ne kawai da na mahaifi. Ambulan ɗin wata wasiƙa daga Jugu ta ƙasar Benin kuwa Madougou aka rubuta a kai, irin rubutun Faransa. Duk wanda zai bi asalin sunan gidansu a zango irin wannan zai fara tararwa, don haka gara ya san dalili tun bai kashe kuɗin mota ba.

Bahaushe bai gaji sunan dangi ba. Abin da ya gada sunan yanka ne, a jingina shi ga na uba, in ana son bambancewa a ƙara gari ko sana'a ko sarauta ko wani laƙabi. Jika ba ya ɗaukar wannan ƙarin, nasa ake yi masa. Takarda ce ta daskarar da laƙabin mutum ɗaya har ya zama sunan zuriya: rajistar soja, rajistar makarantar boko, rasidin harajin da muke kira lampo, takardar fili. Akawu ya tambayi suna na biyu, aka ba shi abin da ya zo baki, shi ke nan ya zauna. Dubi Alhaji Umaru na Karaci. An haife shi a Kano a 1858, mahaifinsa Bakabe ne, ya zauna Salga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja a arewacin Ghana, bayan yaƙin garin ya koma Kete-Karaci, a can ya rasu a 1934. A rubutun Larabci za ka gan shi al-Kabawi, ka gan shi al-Kanawi, ka gan shi al-Salgawi, a baki kuma da Karaci ake kiransa. Mutum ɗaya, garuruwa huɗu. Alhasan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro a ƙasar nan kafin ya zama attajirin Kano, sunan Tata ya ɗauka, tsohuwar da ta rene shi a Bebeji. Turawa kuma da suka kafa rundunar da ake kira ta Hausawa a 1879, sai suka riƙa rubuta ƙabila a madadin suna na biyu: Moshi, Dagomba, Kanjaga, Wangara, Fulani. Alhaji Grunshi, sojan da aka ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a Togo cikin watan Agusta na 1914, ta haka ya sami nasa.

Saboda haka tun farko muka sauya tambaya. Ba mu ce ina asalin Madugu ba. Muka ce wane mutum aka fara kira haka a gidan nan, a wane gari, kuma yaushe takarda ta kama sunan.

Ma'anar kalmar ita ta yanke mana iyakar zamani. Madugu shi ne shugaban ayarin fatake, uban tafiya. Shi ke sa ranar tashi, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, shi ke raba gardama. A ƙarƙashinsa akwai jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da wurin yada zango, da uban dawaki, da malamin ayari. Ayari yakan tashi da rani daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da fatu da baƙaƙen tufafi da gabu, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, ya ratsa Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi, ya sauka Salga. A dawo da goro, ana lissafinsa ƙwarya-ƙwarya, ƙwarya ɗaya goro ɗari. Zuwa kaɗai wata biyu ne ko uku, shi ya sa sau ɗaya ake yi a shekara. Abin da ya kashe wannan tafiya jirgi ne. Dogo ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, na Ikko ya isa Kano a 1911, sai goro ya koma bin teku. Daga nan madugu ya daina zama aiki, ya rage suna. To duk gidan da ya ce sunansa daga ayarin goro ne, dole mai sunan na farko ya riga ya zama magidanci kafin wannan lokaci. In ka lissafa ka ga an haife shi bayan yaƙin Hitila, laƙabi ne aka yi masa, ko jagoran alhazai ne, ko shugaban direbobi a tasha.

Akwai kuma tarko biyu a nan. Abzinawa masu ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma su ma madugu suke kiran jagoransu, don haka Madugun Nijar ba lallai ne ya taɓa ganin Salga ba. Sannan akwai gari mai suna Madougou a ƙasar Mali, a yankin Koro. Dugu a harshen Bambara gari ke nan, babu abin da ya haɗa shi da fatakenmu. Wani daga cikinmu ya gano shi a intanet ya zo yana murna, ya ce ga asalinmu. Kamannin suna ba dangantaka ba ne. Haka Maidugu da Madaki, kowanne hanyarsa daban.

Inda aikin yake da nauyi shi ne wajen tsofaffi, kuma nan ya kamata a fara, don takarda tana jira, tsoho ba ya jira. Mun rubuta duk wanda ya haura saba'in a dangi, maza da mata, muka fara da mafi tsufa da mafi rashin lafiya. Kowa shi kaɗai ake zama da shi. In ka tara su, mai babbar murya ne zai ba da labari, sauran su ce haka ne. Zama kada ya wuce minti arba'in, da hantsi ko bayan la'asar, a zo da goro, a nemi izini kafin a kunna na'urar ɗaukar murya ta waya. A farkon kowace ɗauka mai tambaya ya faɗi kwanan wata da wanda ake hira da shi, in ba haka ba bayan wata shida za ka tarar da muryoyi talatin ba ka san ta wane ce ba. Ranar adu'ar arba'in tana da kyau wajen karɓar lambobin waya na dangin nesa, amma ba ranar tambaya ba ce.

Kada ka ce daga ina muka zo. Amsar ɗaya ce, daga Hausa, in an matsa a ce daga gabas. Tambayoyin da suka yi mana amfani na gefe ne. Wa yake yi wa tsohon ba'a, yana karɓar kuɗin shara a hannunsa lokacin cika-ciki? In Bazazzagi ne to Bakano ke nan, in Bayarabe ne Bagobiri, in Banufe ne Bakatsine, in Bafillace ne a duba Barebari. Wace irin aska ce a fuskarsa? Ta Gobirawa ba ta ɓuya, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗaya. In yana magana cewa yake shina zuwa ko yana zuwa? Baƙin wane gari ne ke sauka a zaurensa? Ina yake aika goron salla? Daga ina aka kawo masa matarsa ta fari? Waɗannan tsohuwa tana tunawa ko da ta manta abin da ta ci jiya.

Matsalar da ke tsayar da mutane ita ce alkunya. Tsohuwar zango ba za ta faɗi sunan mijinta ba, balle na surukinta, ko na ɗan fari. Mun yi zama biyu da matar kakanmu, Malam kawai take cewa, Malam babba da Malam ƙarami. A zama na uku muka bi ta bayan gida. Na ce, "Mma, Malam babba, wa ya ci sunansa a cikin yaran nan?" Ta yi dariya ta gyara mayafi ta ce, "Kai maigida, ka cika tone-tone. Je ka tambayi Babangida sunansa na yanka." Shi ke nan. Duk Abba da Baba da Babangida da Ummi da Inna da ke gidanku, sunan wani babba ne aka ɓoye a ƙarƙashi. Ka jera su ka tambayi kowanne mai sunan wa ne, za ka tashi da rabin salsala. Ƙanwar kaka kuma ta fi matar kaka sakin baki a kan wannan, tunda ita 'yar gida ce.

Maroƙa sun san kirarin gidaje, kuma a cikin kirari ana samun sunan gari da na uwa. A saurare su, a rubuta, amma a sa musu alama ta daban. Maroƙi in ka ƙara masa kuɗi zai ƙara maka kaka.

Kafin a haɗa abin da aka ji da abin da ke takarda sai an daidaita sunaye, in ba haka ba mutum ɗaya zai zama uku. Garba da Habu da Bukari duk Abubakar ne. Audu da Awudu da Abdulai, Abdullahi. Iro da Braimah, Ibrahim. Imoro da Moro, Umaru. Osumanu da Shehu, Usman. Fuseini Husaini ne, Seidu Sa'idu, Issaka Isiyaku, Salifu Salihu, Mahama da Mamman Muhammadu. Ɗanladi da Ɗanjuma da Ɗan'asabe da Bala sunayen rana ne, Tanko da Gambo na yanayin haihuwa, duk akwai sunan yanka a bayansu. Garuruwa ma haka. Tsoho in ya ce Ankara, Accra yake nufi, ba ta Turkiyya ba. Tonawa su ne Asante, Kantamfo Kintampo, Zugu ko Jugu ita ce Djougou a taswira. Mun ware wa kowane mutum kati ɗaya, sunan yanka a sama, duk sauran kiraye-kirayensa da yadda aka rubuta su a ƙasa. Kuskurenmu na farko shi ne mun ɗauki wani Garba a matsayin ɗan wani Abubakar, muka ƙara tsatso guda da babu shi. Mako uku muka yi muna mamakin yadda lissafin shekaru ya ƙi fita.

Lissafin shekarun ma sai da hankali. Ta wajen maza mun ɗauki shekara talatin zuwa talatin da biyar tsakanin uba da ɗa, amma a gidan mai mata huɗu wannan awo ne kawai. Mutum ya haihu yana ɗan ashirin, ya sake haihuwa yana ɗan sittin da biyar, sai ka ga baffa ya girmi ɗan wansa da kwana ko ma ɗan wan ya girme shi. Abin da ya fi tabbas shi ne a ɗaura labari a jikin abin da aka san shekararsa. Turawa sun ƙone Kumasi a 1874. Yaƙin Salga 1892. An kama Prempeh, sarkin Asante, a 1896, yaƙin Yaa Asantewaa 1900, murar da ta kashe mutane 1918, girgizar ƙasar Ankara 1939, 'yancin kai 1957. Tsohuwa ba ta san shekara ba, amma ta san ana goyon wane lokacin girgizar ƙasa.

Sai takardun gida. A nemi adaka da akwatin ƙarfe da gafaka. Malamai da fatake na da sukan rubuta haihuwa da rasuwa a warƙar farko ko ta ƙarshe ta Alƙur'ani bugun hannu, ko a gefen kundi. A ƙarshen littafi kuma mai kwafa yakan sa sunansa da na ubansa da garinsu, wani lokaci har da wanda ya rubuta wa. Kada a tsinka ganyen, kada a sa gam ko salatif, kada a goge da ruwa. A shimfiɗa a inuwa mai haske a ɗauki hoto, gaba da baya, bisa jerin da aka same su, domin Alƙur'anin hannu ba a ɗinke yake ba, in ya hargitse sai mahaddaci.

A namu mun sami layi uku da tawadar da ta koma ja. Na biyu ya ƙare da haruffa uku, shinun, sinun, ya'un, babu lamba. Wani matashi da ya yi karatu a ƙasashen Larabawa ya lissafa ya ce 370, muka yi tsuru-tsuru. Da muka kai wa wani tsohon malamin zaure a unguwar Aboabo ta Kumasi, ya ɗaga gilashi ya duba ya ce, "Yara, ai wannan ramzi ne, kuma da hisabin Magrib ake karanta shi." A lissafin da malamanmu suka gada shinun dubu ne, sinun ɗari uku, ya'un goma. Ya zama 1310. A lissafin gabas kuwa shinun ɗari uku ne, sinun sittin, shi ya kawo 370. Haruffa shida ne hisabin biyu suka saɓa a kansu: sinun, shinun, sadun, ladun, zadun da gainun. Mayar da Hijira zuwa Miladiyya kuma sai ka raba shekarar da 33, ka cire abin da ya fito daga cikinta, ka ƙara 622. A kan 1310 ya ba mu 1892, yana iya shiga 1893 tunda shekarun biyu ba sa farawa tare. Layin haihuwa ne, kuma an rubuta wurin: kan hanyar Karaci. Ga shi kuwa tsohuwa ta riga ta gaya mana an haifi Malam babba ana gudun yaƙi. Wannan ne karo na farko da baki da takarda suka haɗu.

Daga nan muka je gidajen ajiyar takardu. Na gwamnati shi ne PRAAD, hedikwata a Ankara, da rassa a Kumasi da Tamale da wasu manyan garuruwa. A Ankara takardun zamanin Turawa suna ƙarƙashin ADM, inda ADM 11 ya ƙunshi al'amuran sarakuna, ADM 56 kuma na yankin Arewa. A Kumasi jerin ARG ne. A Manhyia cikin Kumasi akwai ajiyar takardun fadar Asantehene, wato sarkin Asante, da shari'o'in da aka yi a kotunanta. A je da katin shaida da fensir, a tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto, kuma kowane fayil a fara ɗaukar bangonsa mai lamba kafin cikinsa. Abin da ya kamata a sani shi ne ba da sunan mutum aka jera fayilolin ba, da batu aka jera su. In ka ce a nemo maka Madugu ba za ka sami komai ba. Ka nemi na sarautar zango, da rikicin limanci, da shari'ar bashi da gado, da rabon filaye. Zamanin Malam Sallau Bakatsine, wanda ya zama Sarkin Zangon Kumasi a 1919, an yi ta rubuta takardun koke, na goyon baya da na adawa, kuma a ƙasan irin waɗannan ne masu gidaje ke jera sunayensu, wasu da Larabci wasu da dangwale. Nan ake tsintar mutum. A Legon kuma, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka kwafo daga gidajen malamai a shekarun 1960, daga Salga da Karaci da Yandi da Wa da Kumasi.

Wani abu da tarihin gari ya gyara mana: an daɗe ana cewa a gida kakanmu ya shigo Kumasi da ayari tun zamanin sarakunan Tonawa na da. Bai yiwu ba yadda ake faɗa. Sarakunan Asante sun tsare fataken arewa a kasuwannin bakin iyaka, goro ake kai musu can. Da Salga ta ɓalle bayan 1874 kasuwar ta karkata Kantamfo da Atebubu, yaƙin sarautar Kpembe na 1892, wato yaƙin Salga, ya ƙarasa watsa mutanenta zuwa Yeji da Karaci da Ankara. Zangon Kumasi da muka sani bayan 1896 da 1900 ya cika. Musulmin da ke garin tun kafin haka, waɗanda ake kira Asante Nkramo, tarihinsu daban ne. Haka a Ankara: Sabon Zango Malam Baƙo ya kafa shi a farkon shekarun 1910, Nima kuma Malam Amadu Futa a 1931. Gidan da ke Nima dole akwai inda ya zauna kafin nan, sai a tambaya.

Tafiyar ba ta da wuya. Daga Kumasi a bi Mampong da Ejura zuwa Atebubu, a wuce Prang a kai Yeji, a hau jirgin fito zuwa Makango, daga can mota zuwa Salga. A kowane gari a fara da Sarkin Zango da liman, a faɗi ko wane ne kai da abin da ya kawo ka, kuma a faɗa tun farko cewa ba gado ko fili aka zo nema ba. In ba ka faɗi wannan ba, ƙofofi za su rufe ba ka san dalili ba. A Karaci kada a sa rai da kabari ko kango: tsohon garin yana ƙarƙashin tafkin Volta tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965. Kafin 1914 kuma Jamus ke mulkin wurin, takardun lokacin da Jamusanci suke. Makabartu ma ba su cika taimako ba, har ta Tafo a Kumasi, don kabarin Musulmi na da ba a rubuta masa suna. Jugu da Kano ta waya muka yi su, ta hannun 'yan goro da direbobin da ke zirga-zirga. A Facebook a nemi sunan da kowane irin rubutu, Madugu, Madougou, Madugou, Madugo, a haɗa da sunan gari.

Gidaje tara masu wannan suna muka zauna da su ko muka yi magana da su. Ƙa'idar da muka sa ita ce suna shi kaɗai ba shaida ba ne. Sai sunan yanka na madugun da na mahaifinsa sun zo ɗaya daga bakin gidajen biyu, ba tare da mun fara faɗa musu namu ba, sannan a sami ƙarin abu guda, gari ko mata ko shekara. Tambayar da ta fi kowacce yanke magana ita ce wa ya ci gado. Gidan madugu cike yake da mutane: 'ya'ya, barori, almajirai, yaran da fatake suka bari amana, agololi, bayi da 'ya'yansu. Duk ana ce musu na gidan Madugu, kuma ranar da aka kai su makaranta da sunan aka rubuta su. Amma ranar rabon gado 'ya'yan cikinsa kaɗai aka kira. Da wannan awo uku suka fito jini ɗaya da mu: na Karaci, ɗaya a Ankara, da na Jugu, wanda ya samo asali daga matar da madugun ya aura a can, kamar yadda fatake kan ajiye iyali a manyan zangunan hanya. Biyu na gida ne ba na jini ba. Huɗu kuwa madugansu daban, sarautar ce kawai ta zo ɗaya. Can gaba da Salga abin da muka riƙe shi ne aska da wasan ba'a da garin da ake aika goro, kuma duka ukun ƙasar Katsina suka nuna.

A kan waɗancan gidaje biyu da ba na jini ba akwai maganar da ba a rubuta ta a takardar da za a rarraba. Salga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, kuma hare-haren Zabarmawa irin su Babatu a ƙasar Gurunshi sun cika ta da mutane har ƙarshen ƙarni na 19. Mai wannan bincike zai ji abin da masu gidan kansu ba su sani ba. Mu mun rubuta na gida ne, muka tsaya nan. Haka zancen Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, manyan rukunan fataken goro: wasu tsofaffi suna alfahari da sunan, wasu ba sa son a tono inda ya samo. A bar kowa ya faɗi nasa. Gwajin ƙwayoyin halitta ta wajen uba yana iya nuna ko gidaje biyu kakansu ɗaya, amma ba zai ba ka sunan gari ba, kuma yakan buɗe abin da ba za a iya rufewa ba. Ba mu yi ba, ba ma ba da shawarar a yi sai manyan gidajen biyu sun yarda sun kuma san abin da ka iya fitowa.

Inda zare ya fi tsinkewa shi ne 1969. A ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fita. Gidaje sun rabu biyu, wa ya tafi ƙane ya zauna. Waɗanda suka zauna wasu sun jefar da Kano ko Sakkwato ko Zabarma daga sunansu, wasu sun ƙone wasiƙun dangi. Waɗanda suka tafi kuma da yawa suka koma amsa sunan uba kawai, can aka yi musu sabon laƙabi da Gwanja ko Kumasi. A 1983 Najeriya ta yi nata korar, wasu suka dawo da wani sunan. In salsala ta yanke a wannan tsakani, a daina neman sunan gida, a nemi sunan yanka da na uwa da unguwar da aka bari. Rassan da suka bazu daga baya, Agege da Abijan da Jidda da Hambog da Bronx ta Amurka, ba su da wuyar samu, suna cikin zauren WhatsApp na dangi. In kuma akwai kaka Batoniya a gidan, a buɗe mata shafi nata, domin Tonawa ta wajen uwa suke lissafin dangi, kuma danginta sun riƙe nasu tsaf.

Da aka gama, manya suka zauna aka tsayar da rubutu ɗaya, Madugu. Wanda takardunsa suka saɓa sai ya yi takardar rantsuwa a gaban mai ikon rantsarwa, a buga gyaran a gazet ɗin gwamnati, sannan ya kai wa hukumar katin ɗan ƙasa da sauran wuraren da sunansa yake. Kada a gyara tsofaffin takardu da biro, kada a yar da masu kuskuren, su ne shaidar cewa mutum ɗaya ne. Na Jugu sun bar nasu da rubutun Faransa, tunda da shi ƙasarsu ta san su.

Salsalar kanta a kan babban kwali muka zana ta. Abin da takarda ta tabbatar da baƙar tawada, abin da tsofaffi biyu suka faɗa kowa daban da shuɗiya, abin da mutum ɗaya ya faɗa da fensir. An sa mata da sunayensu da garuruwansu, ba mu bi tsohuwar al'adar jera maza zalla ba, domin ta wajensu muka gano Jugu. Kwafi uku muka yi, ɗaya a Yalwa, ɗaya a Ankara, ɗaya a Karaci, muryoyi da hotuna kuma a ma'ajiya biyu da ba a gida ɗaya suke ba. An ɗora wa mutum guda a kowane gida cewa ranar suna, da liman ya raɗa, ya rubuta sunan yanka, da laƙabin da mata za su ɓoye shi da shi, da mai sunan wa ne, da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya.